Sammaci, Caji da Beli: Daga Ina Kalmomin Nan Suka Fito?

Duk ɗalibin da ya taɓa komawa gida hutu ya san abin da za mu faɗa. Da zarar mutane sun ji an ce ɗan gidan wane yana sakandare, shi ke nan ya zama mai karanta wa unguwa takardu. A nan wajenmu, wato Yola ta ƙasar Ƙaraye, ba Yolar Adamawa ba, yawancin takardun da ake kawo mana ba su da wata wahala: katin asibiti ne, ko rasiɗin taki, ko saƙon da ya shigo waya da Turanci. Amma akwai takarda guda wadda in ta shigo gida sai kowa ya yi tsit, ita ce mai hatimin kotu. Dattijo zai zaro ta daga aljihu a ninke, ya ce, "Ɗana, duba mini wannan." Ɗalibi ya karanta tiryan-tiryan har ƙasa, ya ɗago kai ya ce, "Baba, wai ana nemanka a kotu." Iyakar abin da ya fahimta ke nan. Shi kuwa dattijo abin da kunnensa ya ji shi ne za a ɗaure shi. Wani sai ya koma kwana a gona, wani ya tafi wajen dangi a Rogo ya ce ziyara ya zo, har ranar zaman kotu ta wuce babu shi. Maganar bashin masara buhu biyu, wadda da an kashe ta a zama ɗaya, sai ta zama babbar magana.

Abin da ya sa ke nan muka ga ya kamata mu ɗauki waɗannan kalmomi na kotu da na 'yan sanda, mu bi sawunsu har inda suka fito. Yawancinsu na Turanci ne, bakinmu ya tanƙwara su suka zama Hausa, amma wani lokaci ma'anarsu ta ainihi takan zube a hanya.

Da farko dai kada wani ya ɗauka Turawa ne suka kawo mana shari'a. Tun kafin su ci Kano a watan Fabrairu na 1903, akwai alƙali da muhutinsa, akwai dogarai masu jajayen riguna, akwai Yari mai tsaron ɗaurarru, wanda daga sarautarsa aka sami "gidan yari". Kalmomi irin su alƙali, shari'a, hukunci da shaida aro ne su ma, daga Larabci, sai dai sun daɗe ƙwarai har sun zama 'yan gida. Ita kalmar alƙali ma matafiyiya ce: Larabawa sun kai ta ƙasar Sifen, inda har yau ake kiran magajin gari "alcalde". Da Turawa suka zo ba su rushe kotunan alƙalai ba. Sun bar su a ƙarƙashin En'e, suka kafa nasu a gefe da harshensu. Shi ya sa muke da kalmomi hawa biyu, alƙali da joji, dogari da ɗan sanda.

Wani abin mamaki shi ne, su kansu Ingilishi aron kalmomin suka yi, kuma ta hanyar da muka yi namu aron, wato ta hanyar mulkin baƙo. A shekarar 1066 wani basarake mai suna William ya ƙetaro teku daga Nomandi ta ƙasar Faransa ya ci Ingila da yaƙi. Daga nan fada da kotu suka koma magana da Faransanci. Manomin Ingila yakan tsaya gaban mai shari'a ana tattauna makomar gonarsa da harshen da bai ji ba, daidai da yadda kakanninmu suka tsaya gaban joji suna kallon bakin tafinta. Sai a 1362 aka yi dokar da ta ce a riƙa yin magana a kotu da Turanci, kuma duk da haka lauyoyi suka ci gaba da rubutu da Latin da wani gurɓataccen Faransanci na tsawon shekaru fiye da 300. Saboda haka yawancin kalmomin da za mu duba sun taso daga harshen Latin na Romawa, suka bi ta Faransa, suka shiga Ingila, suka hau jirgin ruwa zuwa Legas da Lokoja, kafin su iso Kano.

Mu fara da kotu. Daga "court" take, ita kuma daga wata kalmar Latin mai nufin fili da aka kewaye, kamar tsakar gida. Da yake a farfajiyar gidansa sarki yake zama da fadawansa yana jin ƙararraki, sai sunan filin ya koma kan zaman. Mu da muka san fada da zauren hakimi ba ma bukatar dogon bayani a nan. Joji daga "judge" yake, asalinsa kuwa kalmomi biyu ne na Latin da aka haɗa, ɗaya doka, ɗaya faɗa: mai faɗar doka. Majistare kuma, 'yan'uwa ɗalibai, dangin hedimasta ne. Dukansu biyu daga "magister" suka fito, wato maigida ko malami. Wanda ya taɓa tsayawa a ofishin hedimasta yana ƙoƙarin bayyana dalilin makararsa zai yarda cewa dangantakar ba ta suna ba ce kawai.

Lauya ya fita dabam. Tushensa "law", kuma wannan ba ta Faransa ta biyo ba. Mayaƙan teku na ƙasashen Danmak da Nowe ne suka kai ta Ingila tun kafin zuwan William, ma'anarta kuwa abin da aka shimfiɗa. Mu ma mukan ce an shimfiɗa doka. Sai aka yi dace, ko rashin dace, kalmar ta tarar da wata irinta a Hausa, wato lauya abu, a lanƙwasa shi. Nan da nan mutane suka yanke cewa ai shi ya sa ake ce masa lauya, don yana lauya magana. Barkwanci ne mai daɗi, amma babu abin da ya haɗa kalmomin biyu sai kamannin sauti.

In mun lura za mu ga bakin Bahaushe yana da ƙa'idarsa wajen karɓar baƙuwar kalma. Ya fi son kalma ta ƙare da wasali, sai "court" ta zama kotu, "guard" ta zama gadi. Harafin p yakan koma f, sai "prisoner" ta zama fursuna, "inspector" ta zama sufeto, "appeal" ta zama afil. Daga nan sai a yi musu jam'i irin namu, kotuna, lauyoyi, fursunoni, su zauna daram. Haka aka yi wa kundin dokokin laifuffuka na Arewa da aka zartar a 1959, ya fara aiki a 1960, wanda ake kira Final Kod. Ba "final" ta wasan ƙarshe ba ce, "penal" ce, wato abin da ya shafi horo, kuma uwarsu ɗaya da fanareti na ƙwallon ƙafa. "Code" kuwa asalinta kututturen itace, domin Romawa a kan alluna suke rubutu kafin su ɗaure su wuri ɗaya. Ashe dai kundin doka allo ne.

To, sai 'yan sanda. Abin lura shi ne Hausawan Nijeriya ba su ari kalmar "police" ba, sun dubi abin da mutumin yake riƙe da shi suka raɗa masa suna. Ita "police" daga harshen Girka take, wato Helenanci, inda "polis" yake nufin birni. Asalin ma'anarta tsarin tafiyar da gari, shi ya sa take da dangantaka da "politics", wato siyasa. Rundunar 'yan sanda irin ta zamani ba ta daɗe ba ko a Ingila. A 1829 ne wani minista mai suna Robert Peel ya kafa ta a birnin Landan, ya sa mata shuɗin kaya don kada a ɗauke ta soja, ya ba kowane mutum kulki maimakon bindiga. Wato su ma da sanda suka fara.

A ƙasarmu kuwa labarin ya taɓa Hausawa tun daga tushe. A 1863 wani Bature mai suna John Glover ya tara Hausawa a Legas, da yawansu waɗanda suka gudo daga bauta, ya ba su makamai. A 1879 aka tsara rundunar da sunan "Hausa Constabulary". A ranar 1 ga Afrilu 1930 aka haɗe 'yan sandan Arewa da na Kudu suka zama runduna ɗaya ta Nijeriya. A gefe guda kuma En'e ta Kano tana da nata. A cikin shekarun 1920 aka soma ɗaukar 'yan gadi, daga baya aka san su da 'yan doka. Tsofaffinmu suna bambanta su sarai: ɗan doka na Sarki ne, ɗan sanda na Gwamna. A zamanin mulkin Janar Yakubu Gowon aka shigar da 'yan doka cikin 'yan sandan tarayya, aka kuma karɓe kotuna da gidajen yari daga hannun En'e. Wata kalma ɗaya ta rage tana tuna mana da wancan zamani. Har yau shugaban ofishin 'yan sanda na yanki ana ce masa Baturen 'yan sanda, ko da baƙi ne wuluk kuma Hausarsa ta fi tamu, alhali tun 1964 ɗan ƙasa, Louis Edet, ya hau kujerar Sufeto Janar.

Muƙamansu ma kowane da labarinsa. "Constable", wanda a yau shi ne ƙaramin ɗan sanda marar igiya, a da babbar sarauta ce. A Latin yana nufin mai kula da bargar dawakin sarki, wato Shamaki ke nan a fadar Kano. Dubi yadda sarauta take gangarowa. Kurtu daga "recruit" yake, asalinsa sabon toho. Kofur mai igiya biyu ana danganta shi da kalmar Italiya mai nufin kai, shugaban 'yan tsiraru. Saje mai igiya uku, wanda kurata suke rawar jiki in ya yi tsawa, asalin sunansa bara ne, mai hidima. Samanja, wanda iyayenmu suka sani a wasan talabijin na Usman Baba Pategi, shi ne "sergeant major". Sufeto kuwa mai leƙawa ciki ne. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram, da yake Faransa ce ta mulke su, nasu aron dabam ne. Suna da jandarma, wato mutane masu makami, da kuma kaso, daga "cachot", ɗakin da ake ɓoye mutum. Ita kaso har ta ƙetaro iyaka, mu ma muna cewa gidan kaso.

Yanzu bari mu koma ga dattijon nan da takardarsa, domin kalmomi uku ne suka fi jefa mutane cikin wahala.

Ta farko sammaci. Daga "summons" take, tushenta kuwa a Latin tunatarwa ce a asirce, kamar mutum ya ja ka gefe ya ce kada ka manta. Sammaci kira ne, ba kamu ba ne, ba kuma hukunci ba ne. Kotu ce take cewa wane ya kawo ƙararka, ka zo rana kaza ka faɗi naka. Wanda aka yanko wa sammaci da ƙafarsa zai je, kuma a yawancin ƙararrakin bashi, gado ko iyakar gona da ƙafarsa zai komo. Haɗarin yana cikin ƙin zuwa. In maganar dukiya ce, kotu tana iya jin mai ƙara shi kaɗai ta yanke hukunci a bayan idonka. In kuwa ta laifi ce, tana iya ba da waranti a kamo ka. Waranti shi ne takardar izinin kamu ko bincike, kuma ɗan'uwan garanti ne, wanda mai shago yake ba ka in ka sayi rediyo. Dukansu tabbaci ne cewa akwai wanda ya tsaya a bayan abin. Ashe gudun sammaci shi yake jawo abin da ake gudu. In aka miƙo mana irin wannan takarda, abu huɗu za mu nema mu faɗa wa mai ita dalla-dalla: wace kotu ce, wa ya kai ƙara, a kan me, da kuma rana da lokaci.

Ta biyu caji, wadda muke ji a caji ofis. "Charge" ta fito daga kalmar Latin ta amalanke, ma'anarta ɗora kaya. Caji ɗin da muke yi wa waya shi ne wannan dai, ana yi wa batir lodin wuta. In an caji mutum a kotu, an ɗora masa kayan zargi ke nan. Ba a ce kayan nasa ba ne tukuna. Tsarin mulkin 1999, a sashe na 36, ya ce duk wanda ake tuhuma da laifi marar laifi ne har sai an tabbatar, kuma nauyin tabbatarwa yana kan mai gabatar da ƙara. Wannan sashe ya ce a bayyana wa mutum tuhumar da harshen da yake ji, in kuma bai jin harshen kotu a ba shi tafinta kyauta. Mu a gari mukan yi gaggawa. Da an ga an wuce da mutum ofis sai a ce ɓarawo ne, yara su bi 'ya'yansa da tsokana, a fasa neman auren ƙanwarsa. In kotu ta sallame shi bayan wata shida, ba mai bi gida-gida ya janye maganar. A ganinmu wannan ita ce ɓarna mafi girma da rashin fahimtar kalma ɗaya yake yi mana.

Akwai kuma iyaka ga zaman bayan kanta, wadda ita ma aro ce daga "counter", teburin da ake rubuta ƙara a kansa. Sashe na 35 ya ce a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotun da ta dace a tsakanin kilomita 40, in babu kuwa cikin kwana biyu ko abin da kotu ta ga ya dace. Manyan laifuffuka masu hukuncin kisa suna da nasu tsarin. Yana da 'yancin yin shiru har sai ya ga lauya ko wani wanda ya zaɓa. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana a kama wani a madadin wani, wato ba a tsare uwa don ɗanta ya gudu, ta kuma hana a kama mutum a kan bashi ko saɓa alkawarin ciniki kawai.

Ta uku ita ce beli, kuma ita ce aka fi yi wa mummunar fahimta. Da yawa sun ɗauka beli kuɗi ne da ake biya a fanshi mutum, kamar yadda ake fansar akuyar da ta shiga gonar wani. Tarihin kalmar bai ce haka ba. "Bail" ta fito daga tsohon Faransanci inda take nufin miƙa abu amana, can baya kuma a Latin "bajulus" ɗan dako ne. Ku duba yadda suka dace da caji: an ɗora wa mutum kaya, sai wani ya zo ya ce ku ba ni amanarsa, na ɗauki nauyin kawo shi duk ranar da kuke nemansa. Hausa ta fi Turanci fayyace abin, domin mukan ce wane ya tsaya masa. Saboda haka beli ba ƙarshen shari'a ba ne, wanda aka ba da belinsa sai ya ci gaba da zuwa kotu har a gama. Beli a ofishin 'yan sanda kyauta ne, hukumar da kanta take shelanta haka. A kotu kuwa, in majistare ya ce ya ba da beli a kan naira dubu 100, galibi ba cewa ya yi a ƙirgo kuɗin nan take ba. Alkawari ne mai tsayawa zai sa wa hannu, cewa in mutumin ya gudu shi zai biya. Nan ne wajen yin hattara. Kada kunya ta sa mutum ya tsaya wa wanda bai san gidansu ba, domin in ya tsere, kayan a kan ɗan dako za su zauna. Dokar shari'ar laifuffuka ta tarayya ta 2015 ta kuma fayyace cewa ba a hana mace tsaya wa mutum don kawai ita mace ce.

Kuɗin da ake biya ya tafi ke nan shi ne tara, kuma wannan sai bayan an sami mutum da laifi. Turawa suna ce mata "fine", daga kalmar Latin mai nufin ƙarshe, wato kuɗin kashe magana. Wanda bai gamsu da hukunci ba yana da damar afil, ɗaukaka ƙara zuwa kotu ta gaba, amma akwai wa'adi, ba a barinsa sai an gama girbi.

Saura gidan yari. "Prison" asalinta kamawa, "jail" kuwa ƙaramin keji, kuma ita kalmar keji da muke sa kaji a ciki daga "cage" muka aro ta, tushensu ɗaya. Ankwa daga "handcuff" take. Gandiroba, a bayanin masu nazarin Hausa, daga "gang driver" ya fito, wato mai kora ayarin fursunoni zuwa aiki, kamar yadda aka riƙa fita da su sharar titi da yankan ciyawa a zamanin En'e. A 2019 gwamnatin tarayya ta yi dokar da ta sauya wa hukumar suna, aka cire "prison" aka sa "correctional", gidajen rediyo suka fassara shi da gidan gyaran hali. Haka ake kiran na Kurmawa da na Goron Dutse a labarai. A bakin mutanen gari kuwa har yanzu gidan yari ne, mai tsaronsa kuma gandiroba.